Maganin da Inna Ta Raba Mana Biyu

Mu tagwaye ne, ni da 'yar'uwata, masu kama ɗaya sak, irin waɗanda ko kakarmu sai ta kira suna ta ga wadda za ta waiwayo. A Tambuwal aka haife mu, a nan muka tashi, kuma tun da na yi wayo na san akwai doka ɗaya da ba a karyawa a gidanmu: abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayar. Ba Inna ce ta ƙirƙiro dokar ba. Kowa a wajenmu ya san ba a fifita ɗan tagwaye a kan ɗan'uwansa, don an ce wanda aka hana yana iya yin fushi ya hana tukunya tafasa, ko ya turo wa mutum kunama. Ni dai na sha yin fushi, na kuma sha zama gaban murhu ina hararar tukunyar Inna don in gwada, amma ko sau ɗaya ba ta fasa tafasa ba.

Sauran iyaye sama-sama suke bin al'adar, su ɗinka kaya iri ɗaya da sallah su ce sun gama. Inna kuwa ta riƙe ta kamar farilla. In ƙwai ɗaya kaza ta yi, da zare take yanka shi a tsakiya bayan ta dafa. In na yi laifi ta tsula mini bulala, sai ta ɗan taɓa 'yar'uwata da ita a hankali, don kada a ce an ba ɗaya an hana ɗaya. Ranar da ƙaya ta soke ni a gonarmu ta hanyar Jabo, bayan ta cire mini, sai da ta jawo ƙafar 'yar'uwata ta shafa mata man kaɗanya a daidai wurin da babu ciwo. Aurenmu ma rana ɗaya aka ɗaura, gado iri ɗaya, kwanuka iri ɗaya, har da tsintsiya. Abin da ya gagare ta daidaitawa shi ne mazan, don nawa malamin makaranta ne a nan cikin gari, nata kuma manomi ne mai shanu a Kebbe.

Kamarmu a fuska ta tsaya. 'Yar'uwata mai haƙuri ce, in ka ba ta amsa ta karɓa ta gode. Ni kuwa tun ina ƙarama ba a gaya mini magana in bar ta ta wuce ban juya ta na ga cikinta ba, ga saurin hawa. Inna kan ce tambayata ta fi ta mai neman aure yawa. Wataƙila shi ya sa na ƙare a koyar da kimiyya a firamare, inda aƙalla ake biyana don in yi tambaya.

Muna da shekara ashirin da takwas ciwon ya fara, cikin bazara. Ta kira ni a waya daga Kebbe ta ce idonta na dama yana ganin dishi-dishi, kuma in ta juya shi yana yi mata zafi. Muka ce zafin rana ne. Bayan 'yan makonni ido ya washe, muka manta. Da wata bazarar ta zagayo sai ƙafafunta suka fara yin dindiris, ta ce in tana tafiya ji take kamar a kan auduga take takawa. Wata rana ta ɗauko ruwa daga rijiya, ƙafa ta ƙi bin umarni, ta faɗi da bokitin. Da damina ta sauka gari ya yi sanyi, sai ta miƙe kamar ba ita ba. Wannan zuwa da tafiya shi ya fi ɗaure mana kai. Mun san shanyewar jiki, mun ga tsofaffin da ta kama, in ta zo zama take yi. Amma ciwon da zai zo ya tafi ya dawo ta wata ƙofar, ba mu san irinsa ba. Dangin mijinta sun yi iya ƙoƙarinsu, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi sadaka. A zuwa na uku ya haɗa mata da ido da ƙafa da hannu gaba ɗaya, sai mijin ya ɗauko mota ya kawo ta gidan Inna jinya.

Daga asibitin garinmu aka tura mu Sakkwato. Ni na raka ta, don Inna ba ta jure mota. Aka shigar da ita cikin wata na'ura mai kama da dogon bututu, mai ƙara, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta da lakarta. Likitan da ya duba hoton dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya ce sunan ciwon da Turanci multiple sclerosis, kuma bai san masa suna da Hausa ba, don ba kasafai ake ganinsa a ƙasashenmu masu zafi ba. Ya ce jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi suna da rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A wannan ciwo, garkuwar jiki da aka halitta don ta yaƙi cuta ita ce take ruɗewa ta dinga ɓare wannan rufi, yau nan gobe can, sai saƙo ya riƙa yankewa a hanya. Zafi yana ƙara fito da raunin, shi ya sa bazara ta fi wahalar da ita.

Yana cikin bayani ya ɗago kai ya kalle ni, ya kalle ta, ya sake kallona. Ya tambaya ko ni ma na taɓa jin wani abu makamancin haka. Na ce lafiyata ƙalau. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, na so in tambaye shi me ya rubuta, amma layi ya yi tsawo a waje. Aka kwantar da ita kwana biyar ana sa mata magani ta ruwa, sannan aka sallame mu da wasu ƙananan ƙwayoyi farare, guda shida kowace safiya, mu dawo bayan wata ɗaya.

Da muka iso gida na zazzage wa Inna bayani, har da zancen wayar lantarki. Ta saurara har na gama, ta karɓi ledar maganin ta juya ta a hannu, sannan ta ce, “Ke fa, mi anka ba ki?”

Na yi dariya na ce, “Inna, ni lafiyata lau, mi za a ba ni?”

Ta miƙe da ledar a hannu. Ta kai maganin ɗakinta ta ajiye cikin kwanon da take ajiye abin da ba ta son a taɓa. Da ina da rabin wayon da nake taƙama da shi, da a nan na gane.

Gidan Inna a kan hanyar makarantarmu yake, don haka kowace safiya nakan biya in taimaka wa 'yar'uwata ta yi wanka kafin in wuce. Kullum sai in tarar Inna ta riga ta ba ta magani, ta kuma ajiye mini kunun tsamiya a kofi na daban. Kunun yana da wani ɗaci can ƙasa. Na yi magana sau ɗaya, Inna ta ce tsamiyar bana ce haka, kuma wanda aka dama wa kyauta ba ya zaɓe. Nakan leƙa kwanon in duba katin maganin, in ga yana raguwa shida-shida ba kuskure, har in yaba wa Inna a zuciya, matar da ba ta taɓa shiga aji ba.

Sai dai sauƙin da likita ya ce mu sa rai bai zo yadda ya kamata ba. Ido ya ɗan buɗe, amma hannunta har yanzu ba ya riƙe cokali, kuma sai ta dafa bango take zuwa banɗaki. Ni kuwa sai wani irin ci ya taso mini. In ci tuwo in nemi ƙari, in wuce mai ƙosai in dawo. Kumatuna suka ciko, barci ya yi mini ƙaranci. Malaman makarantarmu mata suka fara yi mini kallon ƙasa-ƙasa suna tambayar yaushe za a ci suna, mijina ma ya fara murmushin da ba shi da dalili. Na san ba ciki ba ne, amma ban san mene ne ba, kuma rashin sanin ya fi kumatun damuna.

Da wata ya cika muka koma Sakkwato. Likita ya gwada ƙafafunta da hannunta, ya ɗan ɓata fuska. Sai ya jingina da kujera ya tsura mana ido mu biyu, har na fara tsarguwa.

“Malama, wane magani kike sha?” Ni yake tambaya.

Na ce ba na shan komai.

“Wancan zuwan fuskarku ɗaya, kuma yau ma fuskarku ɗaya. Maganin nan yana cika kumatu, don haka na sa ran in ga tata ta fi taki cika. Ga shi kun cika tare.” Ya juya wajen 'yar'uwata. “Ƙwaya nawa kike sha da safe?”

Ta ce, “Uku nika ji cikin hannuna. Na ɗauka haka anka ce.”

Ɗacin kunun nan ya dawo mini a harshe a take. Ruwa ba ya tsami banza. Wata guda cur Inna tana ba marar lafiya uku, tana daka uku tana zuba wa mai lafiya a kunu. Kunya ta rufe ni, sai haushi ya biyo baya. Na yi wa likita bayanin dokar gidanmu ina jiran ya yi faɗa ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya ce tsohuwa ta yi kuskure mai haɗari, amma tambayar da ke ranta tambaya ce ta gaske, kuma masana sun daɗe suna yin ta: in jini ɗaya ne, ciwon ma ɗaya ne?

A nan na manta da layin da ke waje. Na ce ya gaya mini.

Ya ce tagwaye irinmu su ne abin da masu bincike suka fi so su samu, domin an halicce mu daga ƙwai ɗaya da ya rabu biyu, duk abin da aka gada daga uwa da uba iri ɗaya ne a jikinmu. Da gado kaɗai ke kawo wannan ciwo, da duk inda ya kama ɗaya sai ya kama ɗayar. An bi tagwaye da yawa a ƙasashen da ciwon ya yawaita, aka ga ba haka ba ne: mafi yawan lokuta ɗaya ce take kamuwa, ɗayar ta tsufa lafiya. Amma kuma an ga masu kama ɗaya sun fi kamuwa tare a kan tagwayen da ba su yi kama ba, waɗanda su kamar wa da ƙani suke a wajen gado. Wato gado yana da hannu, sai dai ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai wani abu daga waje da yake tarar da shi.

Na ce, “Kamar dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.”

Ya ce haka ne, kuma ba kowane tsagaggen bango ƙadangare ke shiga ba. Na tambaye shi kai tsaye ko ni ma ina hanya. Ya ce haɗarina ya fi na matar da ke wucewa a titi, ba zai ɓoye mini ba, amma rinjaye yana wajen ba zan kamu ba, kuma babu ƙwayar da zai ba ni ta tare shi. Wadda nake sha a kunu ba ta tare komai, illa kawai take yi mini. Sai ya ƙara da abin da ya dagula mini lissafi: wannan magani ba a yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe ana sha, sai an bi a hankali. Ya rubuta mini nawa katin, in riƙa ragewa har mako biyu. 'Yar'uwata kuma ta koma shida cikakku.

A mota na shirya kalamai masu taushi. Muna shiga gida duk suka gudu. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, na tsaya a kanta na ce ta kusa nakasa ɗiyarta, ta kuma shayar da ni guba wata guda. Na faɗi abin da bai kamata ɗiya ta faɗa wa uwa ba, kuma da murya sama. Har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Ba ta musa ba. Ta ajiye rariya ta ce, “Ciki ɗaya kunka kwana, mabiyiya ɗaya kunka fito da ita. Abin da yas same ta yana bisa hanya, ke shika nema. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa. Ni in zauna in ga ana ba ɗaya ana barin ɗaya? Ban taɓa ba.”

Na ce likita ya ce ba haka ba ne. Ta ga kati biyu a hannuna, ta tambaya na wane ne ɗayan. Dole na ce nawa ne.

“To ba ga shi ba,” in ji ta. “Likita da kanshi ya rubuta miki. Ni da nib ba ki, ni ce mai laifi.”

Ban taɓa jin an kayar da ni da hujja irin ta ranar ba. Na yi bayanin ragewa a hankali, na maimaita, amma ita abin da ta gani shi ne an tafi da kati ɗaya an dawo da biyu. Cikin fushi na shiga ɗakinta na kwashe maganin daga kwanonta na sa a jakata, na ce daga yau ni zan riƙa bayarwa. Ta ce na mai da ita ɓarauniya a gidanta. Kwana uku tana amsa gaisuwata da ka kawai.

Na san wannan ba mafita ba ce. An riga an sa sunana cikin malaman da za su tafi kwas na wata guda a Sakkwato, ranar tafiya kuma ta kusan dacewa da ƙarewar katina. 'Yar'uwata ba ta iya ɓare ƙwaya da hannunta, kuma ko da ta iya, ba za ta taɓa ce wa Inna a'a ba. In na tafi, magani zai koma hannun Inna. Ba za ta iya aiko mini da kunu Sakkwato ba, amma na san ta, tana iya ware rabona ta ƙulle a leda ta ajiye mini har in dawo. Muddin ba ta yarda a ranta ba, 'yar'uwata uku za ta ci gaba da sha.

A waɗannan kwanaki na duƙufa karatu a wayata, lokacin hutun tara da bayan an tashi yara. Turancin likitoci ya sha ƙarfina a wurare da dama, amma na tsinci abin da na tsinta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu binciken ke aiki. Sukan sami tagwaye, ɗaya da ciwo ɗaya babu, su zaunar da su su yi ta tono rayuwarsu suna neman inda hanya ta rabu. Wa ya taɓa yin wane zazzaɓi, kuma yana da shekara nawa? Wa ya fi shan rana? Wa ya shaƙi hayaƙin taba? Wa ya yi ƙiba lokacin balaga? Har ƙananan halittun da ke zaune cikin hanjin mutum suna kwatantawa. Akwai wata ƙwayar cuta mai kawo zazzaɓi da kumburin maƙogwaro da suke yawan ambata, wadda kusan kowa ya taɓa ɗauka, amma a jikin wasu take barin baya da ƙura. Na ga ashe mutanen nan sana'ata suke yi, tambaya, sai dai su an ba su na'urori.

Na ɗauki littafin rubutu na ja layi a tsakiya, ni a dama ita a hagu, na ce bari in gwada a kanmu. Na rubuta abu biyu uku na tsaya. Ban tuna ƙuruciyarmu ta wannan fuskar ba, a tunanina komai tare muka yi. Na tambayi 'yar'uwata, ta ce ita ma haka. Mutum ɗaya ce a duniya za ta iya cika wannan shafi, kuma ba ta yi mini magana.

Ranar Alhamis da la'asar na same ta a inuwar darbejiya tana tsintar wake. Na durƙusa na ba ta haƙuri a kan ɗaga murya, na gaske, ba don wata dabara ba. Ta ce Allah ya yafe mana. Na zauna na sa hannu a faifan, muka yi ta tsinta. Can na ce akwai tambayoyin da masu ilimin ciwon nan suke yi a kan tagwaye, na rasa amsa, ko za ta taimake ni. Na ce, “Inna, cikinmu wa yaf fara yin baƙon dauro?”

“Tare kunka yi,” ta ce. “Amma naki ya fito waje sarai, nata ya kwanta ciki, sai da nis sha wahala.”

Na rubuta. Na tambayi yaye. Ta ce rana ɗaya ta yaye mu, amma ni tun kafin ranar na riga na koma tuwo, ita kuwa nono kawai take so. Daga nan ban sake buƙatar yin tambaya ba, don bakin Inna ya buɗe. Ta ce ni ba na zama, kullum ina waje cikin rana, ina bin 'yan talla ina hawan katanga, har na fi 'yar'uwata duhu na wasu shekaru, da haka maƙwabta suke gane mu. Ita kuwa 'yar ɗaki ce, saƙar faifai da ɗinkin hula. Ta ce shekarar da muka yi sha huɗu, bayan girbi, 'yar'uwata ta yi wani zazzaɓi da ya kumbura mata wuya har ba ta iya haɗiye ruwa, ta yi kusan wata tana kwance ba ƙarfi. Tabarma ɗaya muke kwana, kofi ɗaya muke sha, ni ko atishawa ban yi ba.

“Jiƙon da nib ba ta, ke ma sai da kis sha,” ta ce. “Kina kuka kina sha.”

Na tuna jiƙon, amma na manta dalilinsa. Ta ci gaba. Ni sauro ya fi so, ita ƙuda. Ni nakan ci yaji har in yi hawaye, ita ba ta so. Ita ta fara haƙori, ni na fara tafiya, da kwana goma sha fuɗu, in ji ta, ba ta ce kusan ba. Shafi ya cika na juya baya. Ina rubutu ina mamakin matar nan da ta ƙare rayuwarta tana nuna wa duniya mu ɗaya ne, ashe babu wanda ya kai ta sanin inda muka bambanta. Na ce mata da masu binciken nan za su same ta, da sun ajiye na'urorinsu sun ɗauki biro.

Ta ɗan yi murmushi, na farko cikin kwanaki. Sai ta ce, “To wanne cikinsu yaj jawo mata?”

Na ce ba wanda ya sani. Na ce ko likita ba zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne ba, kuma akwai masu shan rana da suka kamu, akwai waɗanda suka yi wancan zazzaɓin suka tsufa lafiya. Abin da aka sani kawai shi ne jini ɗaya ba ya nufin ciwo ɗaya. Na so in ƙara bayani, amma Allah ya taimake ni na yi shiru.

Ta daɗe tana juya wake a faifai ba ta tsintar komai. Sannan ta ce, ba ni take kallo ba, “Zazzaɓin nan na wuya. Na jira shi gare ki kwana arba'in, bai zo ba.” Ta ajiye faifan. “Ashe ni kaɗai ka raba muku daidai. Mai rabon gaskiya bai taɓa yi ba.”

Na ji tausayinta har cikin raina. Shekara talatin tana yanka ƙwai da zare, kuma ni ce na zo da littafi na sa ta faɗi da bakinta cewa abin bai tare komai ba. Na rufe littafin, muka ƙarasa waken.

Ranar Lahadi na sha ƙwayata ta ƙarshe. Litinin da safe, ranar tafiyata, na biya gidan da jakar kaya a hannu. Na ciro ledar maganin na miƙa wa Inna. 'Yar'uwata tana zaune a bakin gado, ni ina tsaye a ƙofa. Inna ta ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunta. Da ta kai uku ta tsaya. Na ga ta kalli gefen da nake ba ta ɗago kai ba. Na cije leɓe, don na yi wa kaina alkawari ba zan yi magana ba. Ta ɓare ta huɗu, ta biyar, ta shida, ta zuba su duka a hannun 'yar'uwata, ta riƙe mata kofin ruwa har ta haɗiye.

Sannan ta juyo wajena hannu wayam. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ta tsaya a gabana haka ba, kuma ita ma na ga ba ta san inda za ta sa hannun ba.

“Ki gafarce ni, ɗiyata,” ta ce. “Yau ban da abin ba ki. Allah shi sa har in koma gare shi ban ba ki irin wanga ba.”

'Yar'uwata ce ta fara cewa amin, daga bakin gado, da ƙarfi. Ni kuwa sai na kama hannun Inna na riƙe har mai mashin da zai kai ni tasha ya gaji da jira ya yi oda.